Gwangwanin Jin Magana da Na Haɗa wa Inna

Ku yi haƙuri da ni, ni ba marubuci ba ne, tsohon mai gyaran rediyo ne kawai, kuma abin da zan gaya muku wallahi tallahi da ni ya faru, ba a bakin wani na tsince shi ba. A Potiskum ne, tsakiyar shekarun saba'in, lokacin ko maganar Yobe babu, Maiduguri muke kallo. Ina da shekara ashirin da bakwai, ina aiki a wani ɗan shagon kwano kusa da tashar mota tare da maigidana Malam Bukar, wanda ya koya mini sana'ar. Wuta ba kullum ba, don haka a kan gawayi muke ɗora ƙarfen dalma ya yi zafi, mu liƙa waya ɗaya biyu ya huce, mu sake mayarwa.

Malam Bukar Babarbare ne, ya yi aikin wayar tarho a kudu shekara da shekaru kafin ya dawo gida. Hausarsa kam sai a hankali, mace ya ce shi, namiji ya ce ita, in yi ta danne dariya. Amma in ya kara kunne a jikin rediyo, kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya ya gaya maka inda ciwon yake. Kuma yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: ba a barin aiki a buɗe a kan tebur, in ka kwance abu sai ka rufe shi, ko mai shi ya fasa.

Gidanmu yana Yindiski. Babanmu ya daɗe da rasuwa, saura Inna da ni da ƙanwata Hauwa da aurenta ya mutu ta dawo gida. Ni ne ɗan fari, don haka tun da Inna ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ko da kuskure. Kai wannan, ko ɗan nan, in kuma da baƙi ta ce yayan Hauwa. Ku riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Wata bazara sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da kunnuwanta, na hagu ya mutu murus, na dama saura ɗan kaɗan, sai ka kai baki kusa ka ɗaga murya sosai. Ita kuwa mace ce mai son hira, ba ta yarda a yi magana ta wuce ta. Ko me ka faɗa sai ta ɗora tafin hannu a bayan kunne, ta karkato da kai tana ɗan murmushi, ta ce, "Me ka ce?" Sau ɗari a yini. Da farko har wasa muke yi da abin, Hauwa tana kwaikwayonta, ita ma tana dariya.

To ga inda na yi wa kaina. Da damina ne, na dawo daga shago raina a ɓace, na ƙone yatsa, na kuma ƙone rediyon wani direba da hannuna, ya zazzage ni a gaban mutane. Na shigo na tarar da matan maƙwabta suna daka a tsakar gida, Inna kuma tana wasa ƴar fartanyarta, wai gobe za ta gonarmu ta wajen Danchuwa ta yi wa gyaɗa noma, alhali ko tsakar gida ta tsallaka sai jiri ya ɗebe ta. Na ce Inna ki bari, ni zan je ranar Juma'a. Ta ce me ka ce. Na maimaita. Ta sake. Na maimaita na uku da ƙarfi, ta sake ɗora hannu a kunne tana murmushin nan nata. Ban san lokacin da na buɗe maƙogwaro ba na ce, "Na ce ki zauna! Haba, wallahi kin ishe ni!"

Taɓarya ta tsaya cak. Inna ta sauke hannunta daga kunne a hankali, ta dube ni, ta ce, "Wannan kam na ji."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, ba ta fasa ajiye mini tuwo a rufe ba. Amma daga ranar ba ta ƙara ce mini me ka ce ba. Tana ce wa Hauwa, tana ce wa maƙwabta, har mai tallan manja tana tambaya, ni kuwa ko me na faɗa sai ta gyaɗa kai kawai kamar ta ji, alhali na san ba ta ji ba. Wallahi da ta ɗauki muciya ta rufe ni da duka da ya fi mini sauƙi.

Kada ku ce ban nemi gafara ba, na nema. Na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini, amma a muryar da ɗa ke roƙon uwarsa ba ta ji, sai ta ce in tashi ƙasa da sanyi. Na ce bari in ɗaga murya, ina buɗe baki sai na ga ta ɗan kau da fuska ta runtse ido, irin na wanda ke jiran mari. Yaya za a yi in yi wa uwata tsawa da kalmar ki yafe mini, da muryar nan dai da na ci mutuncinta, maƙwabta suna ji ta kan katanga? Na roƙi Hauwa ta isar mini. Ta kai baki kunnenta ta gaya mata da Ngizimanci, yarenmu na gida, sai Inna ta ce, "Shi ba shi da baki ne?" Ranar na yi rantsuwa sai na faɗa mata da bakina, a hankali, kuma sai ta ji.

Na kai wa Malam Bukar maganar, ban ɓoye masa komai ba. Ya yi mini faɗa sosai, sannan ya jawo wani tsohon akwatin kayan gwanjo ya ciro wata ƴar aba kamar maɓallin ƙarfe mai ƙafa takwas. Ya ce aisi ce, irin wadda masu littafi ke kira ofam, kuma da ita za mu iya haɗa wa Inna abin ƙara magana da zai shiga gwangwanin alewa, da makirfo ɗan ƙarami da abin sawa a kunne.

Yadda ya bayyana mini ita ban manta ba har yau. Ya ce wannan aba ƙarfinta ya fi hankalinta. Tana da ƙofar shiga biyu da ta fita ɗaya, kuma duk abin da ya shiga sai ta ninka shi fiye da kima, don haka ba a sakar mata linzami. Sai ka ɗebi kaɗan daga abin da ya fito, ka bi da shi ta resista, ka mayar mata ta ƙofar da ke juya abu, ya riƙa ce mata rage, rage. Da haka take natsuwa ta ba ka murya tsaf. Amma in abin da ka mayar ya yi nawa a hanya ya iso a makare, to ba rage zai ce mata ba, ƙara zai ce, ta ƙara, ya zagayo ya sake cewa ƙara, sai ka ji ta fasa ihu ba wanda ya taɓa ta. Ya ce maganin haka wani ɗan kwandansa ne da bai fi ƙwayar dawa ba, a liƙa shi tsakanin ƙafafunta biyu, kuma irinsa babu a Potiskum, sai Kano. Ya kuma ja mini kunne cewa wayar da ke shigo da murya da wadda ke fitar da ita kada in bari su kwanta wuri ɗaya, don suna satar ji da juna.

Muka ba wani direba saƙo, ya je ya dawo ya ce ya manta. Muka sake ba shi, ya kawo wani da ba shi ba. Ni kuwa na ƙosa, kullum in shiga gida in ga gyaɗa kan nan. Sai na haɗa abin haka nan ba kwandansan, da guntayen wayoyi a kan tebur, na gwada, wallahi ya yi aiki, har ƙarar ƙudan da ya sauka kusa da makirfo na ji. Na ce ashe tsohon nan tsoro ne kawai ya yi masa yawa.

To sai tunani ya zo mini. Ni ba zan je in manne wa Inna a kan tabarmarta ina magana ba, ɗa in zai roƙi uwa ai daga nesa kaɗan yake durƙusawa, ƙasa da inda take. Saboda haka na ƙara wa abin kunnen tsawon waya ya kai kamu shida, na ƙara wa makirfon ma, kuma don kada su yi ta harɗewa su yi muni a gabanta sai na tufke su wuri ɗaya kamar igiyar guga. Na rufe gwangwani na goge shi da tsumma. Ban sake gwadawa ba, kuma ban nuna wa Malam Bukar ba, don na san abin da zai ce.

Da la'asar na sami Inna a ƙofar ɗaki tana jan carbi. Na nuna mata da hannu, ta yarda, Hauwa ta sa mata abin a kunnen dama, kunnen nan ɗaya da ya rage mata. Na koma na durƙusa, na riƙe makirfo, na kunna. Jama'a, wata irin ƙara ta tashi, siririya mai huda kai, ni da ke kamu shida na ji ta har cikin haƙorana, balle ita da abin ke cikin kunnenta. Ta fisge shi ta jefar, ta dafe kunne da hannu biyu ta sunkuya, hawaye na zuba. Da ta ɗago ba ni ta kalla ba, Hauwa ta kalla ta ce, "Ce masa na gode, ya bari haka nan."

Sau biyu ke nan abin da ya fito daga wajena ya shiga kunnenta, kuma duka biyun ciwo ne. Washegari da safe na mayar da gwangwanin shago na ajiye a buɗe, na kulle shi a durowa, na ce wa Malam Bukar ni da kaina zan je Kano. Ya dai ɗaga tufkakkiyar wayar ya dube ta ya dube ni. Da zan tafi na leƙa Inna, tana kwance wai jikinta da ɗan zazzaɓi. Na ce na tafi sai na dawo, ta gyaɗa kai.

A Sabon Gari ban sha wuya ba, ranar da na isa na samu. Na naɗe shi a takarda na cusa a cikin naɗin hulata don kada ya ɓace. A dawowa ne ruwa ya tsuge, motarmu ta kafe bayan Azare, da aka ciro ta kuma wani ƙarfe ya karye, muka kwana biyu a bakin hanya ina ta taɓa hula ina jin ɗan ƙullin yana nan. Da na sauka ko shago ban biya ba, na nufi Yindiski da sauri. Tun daga kan kwana na hango tabarmi a ƙofar gidanmu da maza zaune. Jiya da hantsi aka kai Inna makwancinta.

Ba zan iya ba ku labarin kwanakin nan ba, ban san yadda suka wuce ba. Mutane suna ta ce mini ai Inna mutuniyar kirki ce, ta rabu da kowa lafiya, ni kuwa ina amsa gaisuwa ina jin kamar in ce musu ban da ni. Bayan sadakar bakwai na koma shago na zauna kawai ina kallon titi. Da aka yi azahar Malam Bukar ya buɗe durowa ya ajiye gwangwanin a gabana, ya tura mini kaskon gawayi, ya ce aikin nan a buɗe yake. Na ce Malam wa zan haɗa wa kuma. Ya ce shi bai tambaye ni mai shi ba.

Na ciro ƙullin daga hula. Na liƙa ɗan kwandansan a inda ya kamata tun farko, na warware wayoyin na raba su, na yanke tsawon, aikin da bai kai minti goma ba. Rana tsaka ce, tarwai, manyan motoci suna ta wucewa, mai fura ta leƙo muka ce mun ƙoshi. Malam ya maƙala mitarsa mai allura, ta awon wuta, a wajen fitar muryar yana zaune gefe. Yadda muke yi in za mu gane ko na'urar ƙara magana ta natsu, sai mu kife hula a kan makirfo mu saurari shirun. Na kife hulata, na sa abin a kunne, na kunna. Babu ihu, babu komai, sai ɗan shuuu mai laushi. Na ce a raina ga shi nan, yanzu da ba shi da amfani.

Ina shirin kashewa sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka dalma ce ba ta kama ba, na danna wayoyin da yatsa, bai daina ba. Sai na gane shi. Carbi ne, kuma ba kowane carbi ba, na Inna akwai ƙwaya ɗaya da ta tsage, in ta zo kanta sautin yakan bambanta, kuma na ji ta ta wuce. Sai ɗan gyaran murya irin nata. Sai kuma, can ƙasa ƙasa amma tsaf, kamar tana zaune a ƙofar ɗakinta ina durƙushe:

"Me ka ce?"

Wallahi summa tallahi, in ƙarya nake yi Allah ya tambaye ni. Wata huɗu ban ji kalmar nan an nufe ni da ita ba. Ban ji tsoro ba a lokacin, tsoron daga baya ya zo. Na ɗaga hular, na sauka daga benci na durƙusa a ƙasan shagon, na ce a hankali, da muryar da na daɗe ina ajiyewa, "Inna, na ce ki yafe mini."

Carbin ya tsaya. Sai muryar ta kira sunana, sunana na yanka, wanda tun da nake ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce, "Ai ni..." sai maganar ta fara yin ƙasa, tana nisa, ina jin alamar kalmomi amma ba na kama su.

Da na tsaya cak na riƙe numfashi, wataƙila da na ji. Amma ina, halina yana nan. Na kai hannu na murɗa abin ƙarin murya har ƙarshe, na kuma tura kaina gaba wajen gwangwanin don in ƙara kusa, kunnena da abin ke ciki ya zo daf da makirfo. Abin da duk ɗan koyo ya san ba a yi. Muryar da ke fita ta koma ta shiga, ta zagayo, sai ihun nan ya fashe mini a ka. Na ja baya na rage da sauri, amma an gama. Shuuu kawai. Na kife hula, na ɗaga, na kira, na roƙa, na canza batir, har aka kira la'asar babu ko ƙas ɗaya.

Malam Bukar ya ce mini rediyo ne, irin waɗannan na'urori sukan tsinci tasha in waya ta yi musu eriya, kuma gaskiya ne, ni ma na sha gani. Na ce Malam wace tasha ce ta san sunana. Sai ya tashi ya ɗauki buta. Sai bayan shekaru, yana kwance ciwon ajali, ya gaya mini cewa ranar yana kallon allurar mitar, kuma lokacin da hular ke kife allurar tana ta rawa irin rawar da take yi in mutum yana magana. Ya ce bai so ya faɗa ba don kada in zauce.

Da na koma gida da yamman nan ban gaya wa Hauwa abin da ya faru ba, na dai tambaye ta ko Inna ta bar wata magana a kaina. Ta fashe da kuka ta ce ta ɓoye mini ne don ta ga halin da nake ciki. Wai ranar ƙarshe, bayan azahar, Inna ta farfaɗo ta ce ina gwangwanin ɗan nan, a sa mata, ko da zai yi ƙarar za ta daure, don ta ga alama akwai maganar da yake son yi. Suka duba ko'ina a gidan babu. Yana shago a kulle a durowa, ni kuma ina bakin hanya da maganinsa a cikin hula.

Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne ya ari muryarta, hujjarsa kuwa ita ce sunan, don uwar da ba ta kama sunan ɗan fari a duniya ba za ta fara daga kabari ba. Wani ya ce baƙin ciki ne ya yi mini magana a kunne. Ni ban sani ba. In ita ce, ban san ƙarshen ai ni ɗin nan ba. In kuma ba ita ba ce, to wa na durƙusa wa a ƙasan shago da rana tsaka, har ya san ƙwayar carbin da ta tsage? Duk wanda na ɗauka a cikin biyun ba ya barina in sake.

Gwangwanin yana nan a ƙasan akwatina, ya yi tsatsa. Na daina sa masa batir tun da daɗewa. Yanzu ni ma kunnena ya yi nauyi, musamman na daman da ihun ya shiga, kuma kwanaki na tsinci kaina na ɗora hannu a bayan kunne ina ce wa babban ɗana me ka ce, na ga yadda ya ja numfashi kafin ya maimaita. Ban yi fushi ba, tausayi ya ba ni.

Shawarata gare ku, in kuna da tsoho ko tsohuwa da kunne ya yi wa nauyi, in sun tambaya sau goma ku maimaita sau goma, wallahi ranar da suka daina tambaya ba za ku ji daɗinta ba. In kuma kun riga kun yi irin tawa, kada ku tsaya haɗa gwangwani, kada ku tafi Kano, ku matsa kan tabarmar ku riƙe hannun ku yi ta faɗa har a ji. Ku kuma ƴan uwana masu gyara, in wata rana kun kife hula a kan makirfo kuka ji abin da bai kamata ku ji ba, ku cire hannu daga abin murɗawa, ku yi shiru ku bari a gama maganar. Ni na murɗa, kuma yau fiye da shekara arba'in ke nan ina jiran sauran.